Furen Dankali a Ƙofar Ngo Garos

A wajenmu, nan ƙasan duwatsun Foron, kayan lambu in ya yi fure to asara ce ta yi sallama. Karas mai fure ya zama icce, kabejin da ya tsage ya miƙa wuya sama ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci, albasa kuwa da zarar ta ɗaura farin tukkun nan a ka ta gama yi maka amfani. Kowa ya san wannan tun yana goye. Shi ya sa lokacin da Kaneng matar Dalyop ta fara barin kayan miyarta suna fure da gangan a tsakar gida, ƙauyen ya samu abin taɗi na damina guda.

Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba. Amma duk wanda ya shiga ta ƙofar shingen ƙeranar gidan nan a tsakiyar damina sai ya tsaya ya kalla. Kabewa ta haye rufin akurki ta baza furanni ruwan ɗorawa, kuɓewa ta jeru a gindin bango kowace da furenta mai jan ɗigo a tsakiya, karas ya buɗe 'yan fararen lemominsa, wake ya nannaɗe sanduna har ya fi mutum tsawo. Ƙudan zuma tun da sassafe suke wurin. Ranar Lahadi takan yanko wasu ta zuba a kwalba ta kai coci, har maƙwabcinsu, dattijo Da Rwang, ya ce shi fa ya rasa ko wa'azi zai saurara ko kuwa ya jira a sauke miya. Kaneng takan yi murmushi kawai. Mace ce marar yawan magana, amma in ta so abu to ta so shi ke nan.

A gidan akwai uwar mijinta, Ngo Garos, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin harshe, wadda duk yankin ba wanda ya kama ƙafarta wajen iya gwate. Yanar ido ta daɗe da rufe mata gani, amma kada tsautsayi ya sa ka faɗa a gabanta. "Idona garau yake," in ji ta, "hayaƙi ne ya yi yawa a duniya." Da ƙafa ta san gidan, da hannu ta san tukwanenta, mutanen gida kuwa suka bi ta a haka, kowa yana janye kujera daga hanyarta ba tare da ya ce uffan ba. Gautarta tana ƙofar ɗakinta, inda take shuka ta tun zuwanta gidan tana amarya.

To a wannan daminar ce wata ƙawar Kaneng ta kawo mata irin dankalin Turawa daga Bokkos, mai fure shunayya. Wuri ya ƙare a tsakar gida, sai ta dubi gautar Ngo da 'yan fararen furanninta, ta ga ai fari da shunayya za su dace. Ta binne dankalin a tsakankanin gautar, da ya taso ta kafa masa sanduna ta ɗaɗɗaure don furen ya ɗago kai ya yi daidai da na gauta. Ya kuwa yi kyau, ba ƙarya. Sai dai dankali abin gona ne. Ba wanda ya taɓa jin an shuka shi a ƙofar ɗaki, a gonar ma ba a ba shi sararin tsufa, ana ganin ya yi ƙwari ake haƙewa a kai kasuwa. Nan kuwa furen ya cika kwanakinsa ya zube, ya bar 'ya'ya koraye sumul suna reto a cikin rassan gauta, girmansu ɗaya da ƙananan gautar.

Kaneng ta san ko mene ne su. Tana yarinya uwarta ta taɓa make mata hannu har ƙwallon ya yi tsalle ya faɗa kwata, kuma ta ga akuyar babanta da ta ci su, yadda ta kwanta tana kumfa. Kullum sai ta ce za ta tsinke su ta jefa masai. Kullum kuma in ta fito da safe ta ga raɓa na sheƙi a jikinsu sai ta ce a bari sai gobe. Ba ta kuwa gaya wa Ngo ba, don gaya mata ɗin tamkar ce mata makauniya ne.

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru Dalyop ba ya gari, ya bi motar dankali zuwa Kudu. Kaneng ta tafi koyon waƙa na zumuntar mata, ta bar 'yarta Simi, wadda ko makaranta ba ta isa shiga ba, a wajen kakarta. Da rana tsaka ta dawo, ana ɗan yayyafi. Halinta ne kafin ta gaida mutane sai ta gaida lambu. Tana isa ƙofar Ngo ta tsaya cak. Sandunan na nan, ganyen na nan, amma ƙwallayen da ta bari da safe babu ko ɗaya. Ta durƙusa ta duba ƙasa, ko iska ce ta kaɗo su, ko kaji. Ƙasa wayam, sai sawun 'yar ƙafa marar takalmi, ya shiga ya fito. Sannan ƙamshin gwate ya bugi hancinta.

"Ngo! Wa ya shiga lambun nan?"

"Wa ya isa ya shiga gonar sarauniya?" Muryar tsohuwar ta fito daga ɗakin girki. "Ni ce na ɗebi gautata. Ko ita ma yanzu sai na durƙusa na roƙa?"

Kaneng ba ta san lokacin da ta kai bakin murhu ba. An ci kusan rabin tukunyar. Ta tsoma ludayi ta juya, acca da yakuwa da koren ɓawo duk sun narke sun zama ɗaya, ba ka ce ga wannan ga wancan. Ta lasa. Ɗaci ne, amma ba ɗacin gauta ba wanda yake wucewa ya bar daɗi a baki, wannan kartar maƙogwaro yake yi. A faifai kusa da turmi ga ragowar da ba a daka ba. Ta baza su da yatsa. Fiye da rabi 'ya'yan dankali ne.

"Ngo, wa ya ci?"

"Ni da ƙawata Simi mana. Ke da kike cewa 'yarki ba ta son ɗaci, ga kwanonta can ki duba, tas, kamar kare ya lashe."

"Ngo, ba gauta ba ce. 'Ya'yan dankali ne. Na shuka dankali a cikin gautarki."

Tsohuwar ta juyo da fuskarta wajen da muryar ta fito, fararen idanun nan a buɗe.

"Dankali? A ƙofar ɗakina?"

"Ina Simi take?"

"Ta bi jikokin Rwang, wai za su kan dutse." Duk kaifin ya fice daga muryarta. "Yesu. Da hannuna na zuba mata."

"Ke fa, da yawa kika ci?"

"Ɗan kaɗan na zuba wa kaina, kin san cikina. Bar ta tawa, hanjin nan ya ga abin da ya fi wannan. Tsayuwar me kike yi? Je ki nemo min yarinya!"

Hanyar kan dutse tana bi ta tsakanin shingayen ƙerana, ta ratsa gonakin acca, sannan ta gifta gefen tsohon ramin kuza da ruwa ya cika, wanda ba mai iya gaya maka zurfinsa. Wannan ramin ne ya tsaya wa Kaneng a rai tana gudu. Ta ji ana cewa 'ya'yan dankali suna sa jiri, ga hanyar 'yar siririya, ga santsi. Da ta iso bakin ramin ta tsaya tana duban ruwan, kore shar, ba motsi sai ɗigon yayyafi. Ta ƙwala kiran sunan 'yarta, dutse ya mayar mata da shi. Tsoro ya kama ta, irin wanda yake sa ƙafa ta yi nauyi, har ta ji kamar ta zauna a nan kada ta je ta ga abin da ke gaba. Ta dai ja ƙafar ta wuce.

Yaran suna kan dutse suna zamiya a kan yankakkiyar jarka, suna ihu. Ta bi kawunansu da ido ɗaya bayan ɗaya. Babu Simi.

"Ina Simi? Ku nake tambaya!"

"Ta ce cikinta na ciwo," in ji wata babba a cikinsu. "Ta shiga kogo ta kwanta."

Can ta same ta, kwance a gefe guda, gwiwoyi a ƙirji, ido a rufe, ƙuda na yawo a gefen bakinta. Kaneng ta tsaya a bakin kogon ta kasa miƙa hannu. Muddin ba ta taɓa ba, to ba ta sani ba tukuna. Sai da ta ga 'yar rigar tana ɗagawa tana sauka sannan ta faɗa kanta ta girgiza ta da ƙarfi.

"Simi! Tashi! Kin ci gwaten Kaka?"

Yarinyar ta buɗe ido ta ga fuskar uwarta, ta yi tsuru-tsuru.

"Na ci."

"Duka?"

"Duka, Mama. Allah ban rage ba."

"Ina ke miki ciwo?"

Ta nuna cibiya. Kaneng ta kwance ɗankwali ta haɗa da zane ta goya ta, ta kama hanyar titi. Da damina babur ba ya shigowa ƙauyenmu, a tsallaken rafi yake tsayawa, don haka sai da ta ratsa ruwan, wanda a lokacin iyakarsa ƙwauri. A rumfar bakin titi ta tarar da Choji mai acaɓa, abokin mijinta, yana fakewa.

"Matar Dalyop, wa ya biyo ki? Ko kabewarki ce ta haihu?"

"Choji, Simi ta ci 'ya'yan dankali."

Nan take ya tashi babur. Wata mai tuyar ƙosai a rumfar ta ce a tsaya, ta ɗebo manja a ludayi ta matse wa yarinyar hanci ta ɗura mata, Simi na tsala ihu. Suka hau. Duk tsawon hanyar Kaneng ta juya hannu baya tana riƙe da ƙafar 'yarta, tana jin ko ta yi sanyi. In yarinyar ta yi kuka sai ta ji sanyi a ranta, in ta yi shiru sai ta mintsine ta. Addu'a take so ta yi amma kalma ɗaya ta ƙi zuwa, sai hoton ƙwallayen nan da raɓa a jikinsu, da muryarta tana cewa sai gobe. Kyau kawai ta so. Ba ta taɓa nufin kowa da sharri ba, amma wannan ba zai hana a haƙa ɗan ƙaramin rami a bayan coci ba.

A ɗakin shan magani Sista Nvou ce ke aiki, wata ƙatuwar nas da ba ta iya sassauta murya ba. Ana sauke Simi a kan benci ta kelaya amai, jajawur da manja. Kaneng ta zaci jini ne, ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu.

"Yi mana shiru," in ji Sista. Ta sunkuya tana duban aman da kyau, har da sa tsinke. "Kin ce gwate ta sha?"

"Kwano guda, Sista."

"To ina gwaten? Ni dai ga manja, ga ɗanyar gwaiba. Ko ƙwayar acca ɗaya ban gani ba."

"Ta ce ta cinye."

"To shi ke nan, bari mu sa mata ruwa." Ta yage leda ta fito da allura, ta kamo hannun yarinyar tana neman jijiya.

Simi na ganin allura ta ƙanƙame jikin benci.

"Ban ci ba! Mama, ban ci ba! Ɗaci gare shi!"

"Kwanonki fa da na gani tas?"

"Na juye wa Kaka a nata." Tana shessheƙa tana kare kai da hannu, don uwar ta taɓa zane ta a kan ƙin cin abincin kakarta. "Ba ta gani. Kullum in da ɗaci haka nake yi. Kada ki dake ni."

Kaneng ta zube a ƙasa ta rungume 'yarta tana cewa na gode Ubangiji, na gode, na gode. Ta faɗa da ƙarfi, da dukan zuciyarta, kuma ni ba zan ga laifin uwa a nan ba. Amma ba ta rufe baki ba ta ji abin da godiyar take nufi, kunya da wani sabon tsoro suka rufe ta lokaci guda.

Sista ce ta faɗe shi a fili. "Wato tsohuwa ce ta sha kwano biyu? Wa kuka bari a wajenta?"

Ba wanda suka bari.

"Bar min yarinyar a nan. Ku ɗauko ta yanzu-yanzu, kuma kada wanda ya ɗura mata komai."

Kafin su koma yayyafi ya zama ruwa sosai. Rafin da ta ratsa ɗazu ya kumbura ya yi ja, yana jan karare da ganye. Choji ya ce ta jira ya nemi inda zai jingine babur su tsallaka tare, amma kafin ya juyo ta riga ta shiga, ruwa har cinya. Tana hawa gangaren ƙauye wani tunani ya bi ta, wanda ta yi ta kora yana dawowa. Miji ba ya gari. Uwar miji ta mutu da guba. Gubar kuma matar ɗa ce ta shuka da hannunta, a ƙofar ɗakin tsohuwar, a cikin abin da tsohuwar take tsinka kullum. Wa zai yarda don fure ne? Mu da muke wa fure kallon asara? Ta san bakin ƙauyenmu, ni ma na san shi. An kori mace daga gidan miji a kan abin da bai kai wannan ba, kuma ba a bar ta ta tafi da 'ya'yanta ba. Ta ji haushin kanta da take tuna wannan alhali rai na can kwance, amma tsoron bai fasa bin ta ba.

Gidan shiru, kaji sun fake a ƙarƙashin kabewa. Ta leƙa ɗakin girki, ba kowa, wuta ta mutu. A ƙofar ɗaki ta sami Ngo, rabin jiki a ciki rabi a waje, ruwa na dukan ƙafafunta. Ta yi amai har ya ƙare, zanen ya ɓaci, jikin sanyi ƙalau amma gumi na tsattsafowa a goshi. Leɓunanta na motsi, da mijinta da ya daɗe da rasuwa take magana, tana ce masa ya rufe rumbu ruwa zai shiga.

"Ngo! Ngo, ni ce Kaneng."

Hannun tsohuwar ya laluba ya kama wuyan rigarta. "Simi."

"Lafiyarta ƙalau. Ba ta ci ba, Ngo. A kwanonki ta juye."

Kaneng ta zaci ba ta ji ba. Sai ga wata 'yar dariya ta fito, a shaƙe.

"'Yar banza. Shi ya sa kwanon ya ƙi ƙarewa." Ta haɗiye da ƙyar. "Madalla. Madalla da ta cuce ni."

Kaneng ta goge mata jiki, ta canza mata zane, ta durƙusa ta ɗora ta a baya ta ɗaure kamar jaririya. Ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ma ya ƙara tsorata ta.

Yara sun riga sun kai labari. A ƙarƙashin rumfar ƙofar Da Rwang mutane sun taru, maza da mata, kuma hanya ɗaya ce, dole ta gabansu za ta wuce. Ba wanda ya ce mata sannu. Idanu kawai, sai ƙus-ƙus da aka yi don ta ji.

"Dama na ce furannin nan ba banza ba."

"Wa ke shuka dankali a ƙofar surukarsa?"

"Kuma sai da ta bari Dalyop ya bar gari."

Kaneng ta sunkuyar da kai ta ƙara sauri. Sai ta ji an mintsine ta a kafaɗa.

"Tsaya."

"Ngo, babur na jira."

"Na ce ki tsaya. Juya ni wajensu." Tsohuwar ta ɗago kai da ƙyar daga bayan Kaneng. "Rwang, kana nan?"

Da Rwang ya fito cikin ruwan, ya zo har gabanta. "Ga ni, Garos. Ga ni a gabanki."

"To ban gan ka ba. Ka ji? Ban gan ka ba." Ta ja numfashi. "Ku buɗe kunne, ku masu baki kamar gindin kaza. Ni makauniya ce. Tun kafin a haifi Simi ba na bambance dare da rana sai da zafin jiki. Yarinyar nan ta shuka furenta a fili, kowane mai ido ya gani, har coci kun gani. Ni na sa hannu na tsinka, ni na daka, don na ƙi in ce wa wani zo ka duba min. In na mutu, girman kaina ne ya kashe ni. Rwang, kai za ka gaya wa Dalyop, yadda na faɗa, kada ka rage kada ka ƙara."

"Na ji, Garos."

"Rantse."

"Na rantse da Allah."

Kowa a wurin ya san abin da ta sayar da wannan maganar. A wajenmu tsohuwa tana da daraja muddin murhunta na hayaƙi. Ranar da aka ce ba ta gani, ranar ake karɓe wuƙa da ashana, a shimfiɗa mata tabarma a rana, a riƙa kawo mata abinci a kwano kamar baƙuwa. Wannan ta yi shekaru tana gudu. Kaneng ta buɗe baki za ta ce ba haka ba ne, ita ce ta san guba ce ta bar su, amma aka sake mintsinin ta, wannan karon har ya yi zafi.

"Rufe min baki. Mu tafi."

Choji ya tsallako ya tarye su a bakin rafi, shi da wasu maza biyu suka sa ta a tsakiya. Ruwan ya kai ƙugu, yana tura ta, duwatsun ƙasa na zamewa. A tsakiyar rafin ta ji hannuwan da ke wuyanta sun saki, kan tsohuwar ya faɗo mata a kafaɗa.

"Ngo? Ngo, yi min magana!"

Ƙarar ruwa kawai. Ba ta da hannun da za ta taɓa ta, ba ta iya juyawa. Ta tsaya cak a cikin ruwan, ta ƙi motsi duk da Choji na jan ta, ta tattara hankalinta gaba ɗaya a kan fatar wuyanta tana jira. Can ta ji ɗan ɗumi ya taɓa ta, ya ɗauke, ya sake dawowa. Da wannan ɗumin ta tsallaka, da shi ta hau babur, tana bin sa ɗaya bayan ɗaya har ƙofar Sista Nvou.

Ngo Garos ta yi kwanaki a kwance ana ƙara mata ruwa, akwai ranar da aka fid da rai har aka aika wa fasto, amma ta tashi. Da Rwang ya cika alkawari, ya tare Dalyop tun a bakin titi ya gaya masa yadda aka faɗa. Ba wanda ya ƙara ɗaga wa Kaneng murya, a gida ko a waje. Dankalin kuwa tun a ranar Kaneng ta tumɓuke shi ta watsa a masai.

Sai dai magana zarar bunu ce. Washegarin da aka dawo da tsohuwar gida, Dalyop ya shimfiɗa mata tabarma a inda rana ke bugawa, ya lulluɓe ta da bargo. Ya shiga ɗakin girkinta ya kwaso wuƙaƙe da ashana ya miƙa wa matarsa. Ba don mugunta ya yi ba, yaron kirki ne, kuma ya tsorata. Sannan ya koma ya ciccire duwatsun murhun, baƙaƙe ƙirin da hayaƙin shekara da shekaru, ya riƙa fito da su yana jefawa a gindin shinge. Kaneng na tsaye da wuƙaƙen a hannu. Ngo ta karkata kai tana sauraro, na farko ya faɗi, na biyu ya faɗi.

"Kaneng," ta ce, "me ake jefarwa?"

Dalyop ya dubi matarsa ya girgiza kai, wato kada ta faɗa. Kaneng ta ajiye wuƙaƙen a ƙasa a hankali don kada su yi ƙara, ta je ta durƙusa a bakin tabarmar.

"Murhunki ne, Ngo."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ta ja bargon ta rufe ƙafafunta, ta zauna tana jiran faɗuwar na ukun.